Daren da Ya Fi Kowane Dare Tsawo da Mutanen da Ke Raya Shi

A kowace shekara ranar 21 ko 22 ga watan Disamba takan zo ta wuce a Kaduna ba tare da kowa ya kula da ita ba. Masu shayi suna hura wuta tun kafin assalatu, yara suna hutun makaranta, tashoshin mota sun cika maƙil da masu tafiya gida bikin Kirsimeti, hazo kuma ya sauko har mai tsallaka gadar kogin Kaduna ba ya hango abin da ke nesa da shi. Alhali kuwa a wannan rana ce yini yake kai ƙarshen gajartarsa, dare kuma yake kai ƙarshen tsawonsa, a duk faɗin rabin duniya na arewa, kuma akwai al'ummomi masu ɗimbin yawa, daga Ayalan zuwa Iran, daga Iran zuwa Sin da Japan, da suka shafe dubban shekaru suna jiran wannan dare, suna yi masa tanadi, suna tara iyalansu dominsa. Na daɗe ina bin labarin waɗannan al'adu, kuma tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce me ya sa ranar ta yi girma haka a wurinsu, mu kuwa ko suna ba mu raɗa mata ba.

Sanadin abin ba nisan rana ba ne, kamar yadda mutane da yawa suke zato. A gaskiya ma duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, lokacin da tazarar ke kusan kilomita miliyan 147, ta kuma fi nisa da ita a farkon Yuli, inda tazarar ke kai kusan miliyan 152. Abin da ke kawo sauyin shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4 yayin da take zagaya rana, saboda haka a rabin shekara ɓangaren arewa ne ya fi samun haske, a ɗaya rabin kuma na kudu. Daga ƙarshen Yuni mafitar rana takan riƙa gusawa kudu kaɗan-kaɗan kowace safiya, har ta kai iyakarta a Disamba, ta yi 'yan kwanaki tana fitowa kusan a wuri guda, sannan ta juyo arewa. Mu nan Kaduna digiri 10.5 kawai muke a arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka yininmu mafi gajarta sa'a 11 da rabi ne, mafi tsawo kuma, a watan Yuni, bai cika sa'a 13 ba. Wani abin da ke ƙara ɓoye mana ranar shi ne magariba ta fi saurin yi a tsakiyar Nuwamba, fitowar rana kuma takan ci gaba da jinkiri har ƙarshen Janairu, ta yadda mai lura da lokutan salla a agogo ba zai ga wata alama ta musamman a ranar 21 ga Disamba ba.

Wanda ke Landan kuwa yininsa a wannan rana bai cika sa'a 8 ba, na birnin Stockholm a Suwidin kusan sa'a 6 ne, a garin Tromso da ke arewacin Nowe kuma rana ba ta leƙowa ko kaɗan tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Mu da muke cewa komai nisan dare gari zai waye, muna faɗar haka ne da tabbacin cewa jiran bai wuce 'yan sa'o'i ba; mutanen Tromso sai sun yi kusan wata biyu suna dako. Sai mutum ya cire wutar lantarki da kantuna da motocin dakon abinci daga lissafi, ya tuna manomin da ya rayu a waɗancan ƙasashe shekara dubu biyu ko dubu biyar da suka wuce, sannan zai fahimci nauyin abin. Ƙasa ta daskare ba ta nomuwa, ciyawa ta mutu, abin da ke cikin rumbu shi ke nan har bayan watanni, kuma kullum rana tana ƙara yin ƙasa-ƙasa a sararin sama, tana ƙara gaggawar faɗuwa. Ranar da aka tabbatar ta daina ja da baya ba ita ce ƙarshen sanyi ba, domin mafi tsananinsa yana nan gaba a Janairu da Fabrairu, amma daga ranar ake iya fara ƙirga kwanakin wahala da sanin cewa suna da iyaka. A ganina daga wannan tushe ne duk bukukuwan nan suka tsiro.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun wannan lura yana Ayalan, a bakin kogin Boyne, inda akwai wani ƙaton tudun kabari da ake kira Newgrange, wanda aka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi dalar Giza ta Masar da ɗaruruwan shekaru. Daga ƙofarsa wani siririn lungu na duwatsu mai tsawon mita 19 ya miƙe zuwa wani ɗaki a can tsakiya, wanda yake cikin duhu duk shekara. A saman ƙofar maginan sun bar wata 'yar taga, suka daidaita ta da lungun ta yadda a 'yan safiyoyin da ke kewaye da wannan rana kaɗai, da rana ta fito, wani zaren haske zai shiga ta tagar, ya bi lungun har ya haske ƙasan ɗakin na kimanin minti 17, sannan ya janye. Wani masanin tonon tarihi mai suna Michael O'Kelly ne ya fara ganin haka a wannan zamani, a Disamban 1967. Yanzu dubban mutane ne ke neman shiga ɗakin kowace shekara, amma da yake ba ya ɗaukar jama'a da yawa sai an jefa ƙuri'a, kuma sau da yawa wanda ya ci ƙuri'ar yakan je ya tarar gajimare ya rufe sama. Abin da ke ba ni mamaki, ya kuma sa nake girmama maginan, shi ne mutane ne da ba su da rubutu, ba su san ƙarfe ba, kuma a ƙasar da hadari ya fi rana yawa. Dole ne an sami waɗanda suka shafe shekaru suna fita cikin sanyin asuba suna sa alama a inda rana ta ɓullo, suka sanar da 'ya'yansu, kafin a kai ga ɗora dutse ko ɗaya.

A Ingila ma manyan duwatsun Stonehenge, waɗanda aka kakkafa wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an jera su ne a kan layin faɗuwar rana ta wannan yini. A wani tsohon mazauni da ke kusa, Durrington Walls, an tono tarin ƙasusuwan aladu, kuma haƙoransu sun nuna da yawansu 'yan kimanin wata tara ne lokacin da aka yanka su, wato an haife su bayan fitar sanyi, aka cinye su a tsakiyar sanyi na gaba. Duk mai kiwo zai gane hikimar, domin dabbar da ba ka da harawar da za ta kai ta ƙarshen rani gara ka yanka ta tana da ƙiba ka tara jama'a. A nahiyarmu kuma babban haikalin Karnak da ke Luxor a Masar yana fuskantar mafitar rana ta wannan lokaci.

Wanda ya fi kwanta mini a rai cikinsu duka shi ne daren Yalda na mutanen Iran da Afganistan, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a shekarar 2022. Shi ne daren da ya raba watan Azar da watan Dey a kalandarsu ta rana, kuma a Tehran tsawonsa yakan haura sa'a 14. Ba biki ne na tituna da dandali ba. Abin da ake yi shi ne 'ya'ya da jikoki su tattaru a gidan wanda ya fi kowa shekaru a zuriya, galibi kaka, su raba dare suna hira. A tsofaffin gidaje akan ajiye kaskon garwashi a ƙarƙashin wani gajeren tebur, a lulluɓe teburin da babban bargo, kowa ya zauna a ƙasa ya zura ƙafafunsa ciki, sannan a jera kayan ci a sama. Ba a rasa rumman da kankana, domin jan launinsu yana tuna musu jan alfijir, tare da busassun 'ya'yan itatuwa da dangin gyaɗa. Kankana kuwa amfanin lokacin zafi ce a can, saboda haka a da tun ƙarshen kakarta ake ware wasu a ɓoye a wuri mai sanyi, ana lallaɓa su wata da watanni domin wannan dare ɗaya. Idan an ci an sha, sai babban gida ya ɗauko diwanin Hafiz, mawaƙin birnin Shiraz na Iran da ya rayu a ƙarni na 14, kowa ya ƙudurta wani buri a zuciyarsa, a buɗe littafin ba tare da zaɓe ba, a karanta baitocin da aka faɗa a kansu, a yi ta fassara ana raha. Saurayin da aka sa wa rana kuma danginsa sukan shirya faranta na 'ya'yan itatuwa da kyaututtuka su kai gidan amarya.

Asalin al'adar ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa, kuma a wancan zamani ana ganin daren a matsayin lokacin da sharri ya fi ƙarfi, don haka ba a son kowa ya kwana shi kaɗai. Yau mafi yawan masu raya shi Musulmi ne, sun bar tsohuwar aƙidar, sun riƙe zumuncin. Daga wannan dare ne kuma suke fara ƙirga kwana arba'in na babban sanyi, sannan ashirin na ƙarami su biyo baya. Daren bai fi na jiya da na gobe da komai ba sai 'yan sakanni, kuma su ma sun san haka, amma hakan bai hana wanda ke aiki a wani gari ya shiga mota ya zo ya zauna kusa da kakarsa ba.

Duk lokacin da na karanta bayanin wannan zama, ɗakin kakata a Tudun Wada nake tunawa. Idan sanyi ya kankama, bayan sallar isha'i takan sa a shigo da kaskon wuta, ta tura 'yan dankali cikin toka, ta tara mu mu jikoki a kan tabarma, ta bi ƙafafunmu da suka yi kaushi da man kaɗanya ɗaya bayan ɗaya. Ni takan ce mini, "Matso nan, maigidana, kada ɗari ya kwantar mini da kai in rasa mai cefane," sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Ba ta taɓa jin labarin wani dare da ya fi sauran tsawo ba, amma ta san lokacin da aikin gona ya ƙare, dare ya yi sanyi, yara ba su da wurin zuwa, kuma ta san abin da ake yi da irin wannan dare. Bambancinmu da mutanen Iran shi ne su sun ware wa abin rana sananniya, don haka ko da talabijin da wayar hannu suka shigo gidajensu, ranar ta tsira. Namu da ba a tsayar masa da rana ba sai ya zube a hankali, har ba wanda zai iya faɗin shekarar da aka daina, kuma wannan asara tana damuna ƙwarai.

Mutanen Sin suna kiran ranar Dongzhi, kuma ɗaya ce daga cikin zanguna 24 da suka kasa shekarar rana a kansu domin amfanin manoma, lissafin da shi ma UNESCO ta karɓa a 2016. A zamanin daulolin Ming da Qing sarki da kansa yake fita daga fada zuwa Haikalin Sama da ke Bejin, bayan ya yi kwanaki yana ƙaurace wa nama da giya, sannan kafin gari ya waye ya hau wani zagayayyen dandamali da aka fara ginawa a 1530 ya miƙa hadaya a madadin ƙasa baki ɗaya. Sarautar ta rushe a 1912, amma abin da talakawa ke yi a gidajensu bai rushe ba. A kudancin ƙasar akan dafa 'yan ƙananan dunƙule na garin shinkafa mai danƙo, kamannin ɗanwake amma a cikin romo mai zaƙi, a ci tare da iyali, har tsofaffi sukan ce wa yaro ya ƙara shekara guda da zarar ya cinye rabonsa. A arewa kuma ƙullin fulawa ake yi mai nama a ciki, kuma ana ba da labarin cewa wani likita na ƙarshen daular Han, Zhang Zhongjing, shi ya fara rabawa talakawan da sanyi ya cinye wa kunnuwa irin wannan abinci, da naman rago da magunguna masu ɗumama jiki, ya naɗe shi da siffar kunne. Daga ranar suke ƙirga tara sau tara, kwana 81, kuma a da akan zana reshen itace mai furanni a takarda, a riƙa shafa wa ganyen fure ɗaya launi kowace safiya, ranar da aka cike na 81 sanyi ya wuce. A Koriya fate ake yi na jan wake, a Japan kuma a ci kabewa a yi wanka da ruwan zafi da aka jefa wa wani irin lemo mai ƙamshi.

Rumawan da suna da bikin Saturnalia, wanda ke farawa ranar 17 ga Disamba ya kai har 23, inda ake rufe kotuna da makarantu, a yi musayar kyandirori da 'yan kyaututtuka, bayi kuma su ci abinci tare da iyayengijinsu. A kalandarsu ranar 25 ga Disamba suke ɗauka a matsayin ranar juyowar rana, kuma nan ne maganar ke taɓa mu a Kaduna, domin nakan ji wasu suna yanke hukunci da gaggawa cewa Kirsimeti bikin rana ne da aka sauya wa suna. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar ba, kuma rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito a ƙarni na 4. Masana sun kasu biyu kan dalilin zaɓen ranar. Wasu suna ganin an ɗora ta ne a kan ranar da jama'a suka riga suka saba girmamawa, wasu kuma suna ganin lissafi ne na malaman coci, waɗanda suka ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar ɗaukar ciki suka ƙara wata tara. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ma sai 7 ga Janairu suke nasu, saboda tsohuwar kalanda suke bi. Ko wane bayani mutum ya fi gamsuwa da shi, ba adalci ba ne a ce wa maƙwabcin da ya tafi coci a Sabon Tasha ko Kakuri rana yake bauta wa, kamar yadda ba adalci ba ne a kira Musulmin Shiraz Bamajushe don ya yanka kankana a gidan kakarsa. A Suwidin kuma, inda a tsohuwar kalanda ake ɗaukar daren 13 ga Disamba a matsayin mafi tsawo, har yau a ranar yarinya takan sa farar riga da kambin kyandirori a ka, ta jagoranci 'yan uwanta suna waƙa a makarantu da asibitoci da gidajen tsofaffi.

A rabin duniya na kudu abin juyawa yake, domin nasu daren mai tsawo a watan Yuni yake zuwa. Daular Inka ta Peru tana da bikin Inti Raymi a birnin Cusco, wanda Sifaniyawa suka haramta a ƙarni na 16 bayan sun ci ƙasar da yaƙi, aka kuma farfaɗo da shi a 1944 a matsayin wasan kwaikwayon tarihi da ake yi kowace ranar 24 ga Yuni. A Bolibiya mutanen Aymara sukan kwana cikin sanyi a kufan Tiwanaku, su ɗaga tafin hannu su tari hasken farko na safiyar 21 ga Yuni, wadda ita ce farkon shekararsu. A can akwai waɗanda har yanzu rana ta sama ita kanta suke girmamawa ta fuskar addini, kuma ni a matsayina na Musulmi iyakata a bayyane take, domin aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata. Sai dai ayar nan ita ce kuma ta fara da cewa dare da yini da rana da wata suna cikin ayoyin Allah, saboda haka hanin bauta bai zama hanin lura ba. Ina kuma jin tausayin duk al'ummar da aka raba da al'adarta da bakin bindiga, ta dawo tana tsintar abin da ya saura.

Dalilin da ya sa mu ba mu da irin wannan biki, a fahimtata, shi ne kowace al'umma tana sa ido ne a kan abin da take tsoron rasawa. Ba mu taɓa fargabar rana za ta ƙi dawowa ba. Fargabarmu ruwa ne, shi ya sa muke da sallar roƙon ruwa, shi ya sa kuma shagulgulanmu na gargajiya, kalankuwa da dambe da kokawa da farauta da yawancin bukukuwan aure na karkara, suke zuwa bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi kowace ranar 1 ga Janairu ma asalinsa alama ce ta kammala girbi da buɗe farauta. Sallolinmu biyu kuma wata suke bi, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ba su da yanayi guda. Duk da haka kuskure ne a ce juyawar rana ba ta shafe mu ba, domin hunturun nan da ke fasa mana leɓe ita ta haife shi. Idan rana ta karkata kudu, iska mai damshi da ke tasowa daga teku takan ja da baya ta bi ta, sai busasshiyar iskar arewa maso gabas ta sami hanya daga Sahara, ta kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube mana.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa magabatanmu ba su san tafiyar rana ba. Tsohon ladanin masallacin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ko da aka rataya agogo a bango bai daina fita harabar masallaci ya juya wa rana baya, ya sa ido a inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka zuwa wurin yana haɗa diddige da yatsa yana ƙirgawa ba. Wata rana cikin hunturu na ce masa, "Baba Ladan, ga agogo can, me ya sa kake wahalar da kanka?" Sai ya ce, "Ɗana, ranar da batir ya mutu fa? Zo tsaya nan in nuna maka." Ya bayyana mini cewa tsawon kowane mutum taku bakwai ne da ƙafarsa, kuma la'asar tana shiga idan inuwa ta kai tsawon mai ita bayan an ƙara inuwar zawali, wadda ba ta zama daidai duk shekara. A wannan wata, in ji shi, inuwar zawali ta kusa taku biyar, don haka sai ya ƙirga kusan goma sha biyu zai kira la'asar, amma idan bazara ta yi akwai ranakun da inuwar ke shigewa ƙarƙashin ƙafa, bakwai kawai zai nema. Da na girma na gwada maganarsa da lissafin zamani sai na tarar daidai take, domin a ranar 21 ga Disamba tsayin rana a Kaduna da tsakar rana digiri 56 ne, abin da ke ba da inuwa mai kashi biyu cikin uku na tsawon mutum.

Akwai ma wani amfani da ya fi wannan kusa da kowa. Mun saba kiran alƙibla gabas, har matafiyi yakan tsaya a gefen hanya ya fuskanci inda rana ta fito ya ta da salla. Daga Kaduna alƙibla tana wajen digiri 66 zuwa 67 ne daga arewa, wato gabas mai karkata arewa, kuma a ƙarshen Yuni rana kusan a daidai wannan wuri take fitowa. A Disamba kuwa ta gusa dama da kusan digiri 47, saboda haka wanda ya bi ta a wannan wata ya kauce sosai. Malaman tafsiri da dama sun fassara mafita biyu da mafaɗa biyu da aka ambata a aya ta 17 ta Suratur Rahman da waɗannan iyakoki biyu, na zafi da na sanyi. Malaman hisabi da tsofaffin manoma kuma sun kasa shekara a kan taurari 28, kusan kowanne kwana 13, bakwai-bakwai ga kowane yanayi, suna sanin Haƙ'a da Han'a da Zira'a na damina, da Shaula da Na'a'imu da Balda na ɗari, kuma da wannan lissafi suke sanin lokacin shuka da lokacin da sanyi zai karye. A yau da wuya ka sami matashi a cikin garin Kaduna da zai iya jero biyar daga cikinsu.

Ba ina kira ne a ƙirƙiro mana biki irin na wasu ba, domin bikin da bai tsiro daga buƙatar mutane ba ba ya kama ƙasa. Abin da nake so shi ne yaranmu su ga abin da idonsu, kuma hakan ba ya buƙatar kuɗi. A kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya a fili mai laushi, a riƙa auna inuwarta wajen ƙarfe 12:30 na rana, lokacin da ta fi gajarta a yinin. A ranar 21 ga Disamba za a same ta kusan santimita 67 tana nuna arewa, zuwa 21 ga Maris ta ragu zuwa ƙasa da 20, a tsakiyar Afrilu ta ɓace gaba ɗaya, a watan Yuni ta ɓullo ta kudu da kusan santimita 23, sannan a ƙarshen Agusta ta sake ɓacewa kafin ta koma arewa. Shugaban makarantar Islamiyyar unguwarmu ya amince a kafa irin wannan sanda a harabarsu bana, kuma 'yan aji shida ne za su riƙe littafin awon.